Harafin Kang Cecep

Ruwa ake yi ranar da na sauka filin jirgin Baiyun, kuma mutumin da ya ce zai tare ni bai zo ba. Bashir ne sunansa, ko in ce sunan da ya ba ni ke nan. A Kano muka haɗu, a rumfar da nake gyaran waya. Ya ga yadda na tayar da wata waya da ta faɗa ruwa, ya ce hannuna ya fi ƙarfin rumfa, akwai kamfani a Guangzhou ta ƙasar Sin da ke neman irina. Shi ya yi mini takardu. Na zauna a kan jakata kusa da ƙofar fita ina ta kiran lambarsa, wata mata tana amsawa da Sinanci, kullum magana ɗaya take maimaitawa. Ni kuwa sai gaishe ta nake yi, ina roƙonta da ɗan Turancina ta miƙa masa wayar.

Wani dattijo mai farin gashin baki ya daɗe a tsaye yana kallona. Da ya ji na ja tsaki na yi salati da Hausa, sai ya matso.

"Ɗana, da wa kake magana haka?"

Na miƙa masa wayar. Ya kara a kunne, ya saurara, ya mayar mini.

"Wannan ba mutum ba ce. Na'ura ce, cewa take layin a rufe yake. Wa ya kawo ka garin ga?"

Na ce masa sunana Habibu, na ba shi labari. Bai yi mini dariya ba, kuma bai zagi Bashir ba. Cewa kawai ya yi in ɗauki jakata. Shi ne Alhaji Isufu, mutumin Maradi, wanda ya shekara da shekaru yana sarin kaya yana aikawa kasuwannin Nijar. A cikin mota ya tambaye ni ko na ci abinci, na ce na ci. Ya dube ni, ya buɗe leda ya miƙo mini dabino.

Babu kamfani, babu aikin injiniya. Abin da aka samu shi ne Zhanxi Lu, layin manyan kantunan takalma da ke kusa da tashar jirgin ƙasa. Alhaji ya haɗa ni da wani mai tura kaya, ɗan zangon Kumasi, shi kuma Alhajin ya ba ni wurin shimfiɗa a bayan sitonsa. Aikina ɗaure kwali da salatif, da tura kura daga kanti zuwa mota. Na koyi cewa "nihau" da "shiyeshiye", na koyi kiran kowane mai kanti "lauban", wato maigida. Kalmar da ta fi shiga kunnena ita ce "meyo", wato babu. Lambar takalmin nan meyo, ragi meyo, wurin zama meyo.

Wahalar ba ta dame ni kamar kiran gida ba. Babana ya riga ya gaya wa majalisarsu ɗansa ya tafi Caina aikin injiniya. Idan ya kira da bidiyo, abokansa sukan leƙo su yi mini fatan alheri, wani ya ce kada in manta da su. Sai in yi sauri in cire safar hannun aiki, in tsallaka titi in tsaya gaban wani dogon gini mai gilashi. Ban taɓa ce masa a can nake aiki ba. Ban kuma taɓa ce masa ba a can ba ne. Idan na kashe wayar, sai in ji kamar kowa a titin ya san abin da na yi.

Ana cikin haka Alhaji ya kira ni wata safiya. Ya ce ya ba da kwangilar ƙananan wayoyi masu madanni, irin waɗanda ake so a karkara saboda riƙe caji, kuma ya sa a juya musu rubutun ciki zuwa Hausa. An ce samfur ya fito.

"Kai ne ka san cikin waya. Mu tai ka duba mini. In ta yi kyau, ka bar ɗaukar kwali."

Wurin yana can cikin unguwar Baiyun, hawa na sama a wani tsohon gini, dogayen tebura da mata suna haɗa wayoyi. Aka shigar da mu ofis. Alhaji ya nuna ni ya ce wa lauban, da alfahari, wannan injiniyansa ne daga Najeriya. Aka zuba mana shayi a 'yan mitsi-mitsin kofuna, aka ajiye wayar a gabana.

Na kunna. Sauti lafiya, madanni lafiya, batir ya zauna daram. Sai na shiga jerin abubuwan ciki. Inda ya kamata a ga "Saƙo", sai na ga "Sa", sannan wani ɗan akwati fanko, sannan "o". "Ɗauki hoto" ya fara da akwati. "Ɓoye lamba" haka. Duk inda harafi mai lanƙwasa yake, akwati ne ya zauna.

Alhaji ya karɓa ya sa tabarau. "Mi ne ne wannan?"

Lauban ya duba, ya ɗaga kafaɗa. "Meyo." Ya ce babu wannan harafi a na'urarsu, a sa k da d da b na kowa da kowa, ai duk ɗaya ne.

"Ba ɗaya ba ne," in ji Alhaji. "Ƙasa daban, kasa daban. Mutanen da za su sayi wayar ga, da yawansu da girmansu sunka koyi karatu, harafi harafi suke bi. In ka cire musu lanƙwasa sai su tsaya. Habibu, gaya mishi."

Aka kira wata mata mai kula da manhajar wayoyin. Ta zo da kwamfutarta, ta dubi allon, ta dube ni, ta ce da Turanci in ba ta lambar. Na ɗauka tana son mu ci gaba da magana daga baya ne. Na gyara murya na karanto mata lambar wayata tun daga farko har ƙarshe.

Matar ta dubi lauban. Sannan lauban ya tuntsire da dariya, ya fassara wa na bakin ƙofa, su ma suka ɗauka. Matar ta rufe baki, ta ce a'a, lambar harafin take nufi. Ban san harafi yana da lamba ba. Na san ƙafar caji, na san layin wuta, ina iya sake allon waya ido rufe. Amma wannan tambaya ban taɓa jin ta ba. Alhaji bai dube ni ba. Kofin shayinsa yake juyawa a kan tebur, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Da muka fito ya ce yana da wani wurin zuwa, in koma ni kaɗai. Ina saukowa daga bene na ji ana bina da sallama. Wani gajeren mutum ne mai baƙar hula, na gan shi tun da farko a zaune a kan benci a ƙofar ofishin, da jaka a cinya. Ya ce ya ji duk abin da ya faru. Na so ƙasa ta tsage.

"Kada ka damu, ɗan'uwa," ya ce. "Kai akwatinka jefi-jefi ne. Ni nawa duka akwati ne."

Ya fito da tasa wayar samfurin ya nuna mini. Daga sama har ƙasa akwatuna ne a jere, babu harafi ko ɗaya.

Lokacin azahar ya yi, muka yi salla tare, muka shiga wani shagon taliya na Musulmin Sin. Sunansa Cecep, ya ce in kira shi Kang Cecep, domin a wurinsu "Kang" kamar a ce yaya ne. Daga tsibirin Jawa yake, a Indonesiya, kuma mutanensa Sunda ake ce musu. Malamin kwamfuta ne a wata makaranta kafin ya ajiye. Da Turancin kasuwa muka yi magana, inda ya ƙare mu cike da Larabcin allo da nuni da hannu.

Ya ce Sundawa suna da rubutunsu na kaka da kakanni, wanda ya kusa ɓata, yanzu ake koya wa yara a makaranta. Amma yaro ya koya a aji, ya fito bai ƙara ganinsa a ko'ina ba sai a allon sunan titi. Shi ne ya ƙudura a yi 'yar waya mai araha wadda yaro zai iya rubuta wa kakarsa saƙo da shi.

Ya tsoma tsinken cin taliya a ruwan shayi, ya zana wani abu a kan tebur, layuka masu kusurwa, sun ɗan karkata.

"Wannan shi ne 'ka' namu. Me ka gani?"

"Zane."

"Kai ka ga zane. Kwamfuta ba ta ganin zane, lamba kawai ta sani. Akwai tsari ɗaya da duniya ta yarda da shi, Yunikod, kowane harafi na kowane rubutu an ba shi lambarsa, ba ta haɗuwa da ta wani. Wannan nawa lambarsa 1B8A. Kada harufan ciki su ruɗe ka, haka suke ƙirga tasu ƙirgar. Idan na tura maka 'ka', ba zanen nake turawa ba, lambar ce take tafiya."

"To zanen fa?"

"Zanen yana wani rumbu daban a cikin wayar. Lamba ta iso, waya ta shiga rumbu ta nemi zanen da aka ajiye da wannan lamba. In ta samu, ta nuna. In ba ta samu ba, ta ba ka akwati. Harafinka yana nan, bai ɓata ba. Rigar da zai sa ya fito ce babu."

Na ce ashe da lauban ya ce meyo, ba gaskiya ya faɗa ba.

"Rabin gaskiya ya faɗa. A rumbunsa ne babu."

Ya buɗe kwamfutarsa ya ce in nuna masa harafina. Muka yi ta gangarawa cikin dubban haruffa, na Larabci, na Habasha, wasu kamar tsutsa, wasu kamar ƙugiya. Can sai ga ƙ. Tana zaune a gidanta, da lambarta a ƙasa, 0199. Ga ɓ, 0253. Ga ɗ, 0257. Na daɗe ina kallonsu. Ni da nake rubuta saƙo kullum, ban taɓa neman su a wayata ba. K nake dannawa in wuce, mai karatu ya gane da kansa. Sai ga shi wani baƙo daga wata duniya yana murna da ganinsu fiye da ni. Ya sa na furta masa ƙ, ya gwada, ta ƙi fita daga maƙogwaronsa, har mai shagon ya leƙo ya ga ko ya ƙware ne.

Ya ƙara mini da cewa ko a wurin ajiya ba a yi mana adalci ɗaya ba. K ta Turawa gurbi ɗaya take ci a ƙwaƙwalwar na'ura, ƙ tamu biyu, tasa uku. Ya faɗa yana murmushi, kamar mai ba da labarin kuɗin haya.

Na tambaye shi, tunda ya san duk wannan, me ya hana nasa shiga. Sai murmushin ya ragu. Ya sake jiƙa tsinken.

"Naku a jere suke tafiya, ɗaya bayan ɗaya. Namu baƙi ne a tsakiya, wasali ya rataya a jikinsa. Na 'i' yana hawa sama, na 'u' yana sauka ƙasa."

Na ce kamar wasalin allo. Ya ji daɗi, ya ce haka ne.

"Amma akwai guda ɗaya mai taurin kai, panéléng, shi ke ba da sautin 'e' na sunana. A baki bayan baƙi yake zuwa, a lamba ma bayan baƙi ake ajiye shi. A ido kuwa gaban baƙin yake tsayawa, ta hagu. Dole wayar ta san in ta ga lambarsa ta ɗauko shi ta mayar gaba. Manyan wayoyi sun iya. Wannan ƙaramar ba ta iya ba, sai an zauna an koya mata. Su kuma sun ce kayana ba su da yawan da za su ɓata lokacinsu."

Ya ce kullum yana zuwa ya zauna a bencin nan, ko za su gaji da ganinsa.

Kwanakin da suka biyo baya, in na gama ɗaure kwali sai in same shi a shagon taliya. Allon ƙaramar waya ɗigo-ɗigo ne, saboda haka kowane harafi sai an zana shi ɗigo bayan ɗigo a cikin ɗan fili murabba'i. Shi ya nuna mini yadda ake yi. Lanƙwasar ƙ ta ba mu wuya, in ta yi tsawo ta fita daga fili, in ta gajarta ta koma k. Ƙaramar ɓ kuma ta riƙa kama da lamba shida. Ya kan ɗaga kwamfutar nesa da ni ya ce in karanta, in na yi jinkiri ya goge a sake. Shi ne ma ya tambaye ni ko babu wani harafin da muka manta, sai na tuna mutanen Nijar suna rubuta ƴ inda mu muke sa ɗan waƙafi kafin y. Muka ƙara ta, manya da ƙanana.

Bai nemi komai a wurina ba. Ni ne na buɗe baki. Na ce kayan Alhaji suna da yawa, lauban ba ya ƙin maganarsa. In Alhaji ya ce a zuba haruffan Sunda a rumbu ɗaya da namu, a gyara wancan wasalin, za su yi. Na ce ya bar mini wannan, Alhaji kamar uba yake a wurina. Kang Cecep ya cire hularsa ya shafa kai ya mayar. Ya ce in Allah ya sa haka ta yiwu, zai gaya wa ɗalibansa wani Bahaushe ne ya buɗe musu ƙofa.

Muka koma wurin lauban da Alhaji. Wannan karon da matar ta tambayi lamba, na ba ta, na kuma ba ta zanen. Ta yi 'yan danne-danne, ta jona wayar, ta miƙo. "Saƙo" ya fito cikakke, ƙ ɗin da 'yar lanƙwasarta. Alhaji ya bi jerin da yatsa har ƙasa yana motsa baki. Ya dafa kafaɗata ya ce wa lauban, "Na gaya maka injiniya ne."

A bakin bene na tsayar da Alhaji. Kang Cecep yana kan bencinsa, yana iya ganinmu amma ba ya jin Hausa. Na gaya wa Alhaji gaskiya, cewa ba ilimina ba ne, na wancan bawan Allah ne, na kuma faɗi alfarmar da nake nema. Alhaji ya saurare ni har na gama. Ya koma ciki ya yi magana da lauban, ya ɗan jima, ya fito.

"Sun ce zuba zanen ba wuya. Gyaran wasalin ne aiki, sai an taɓa manhajar duka an sake gwaji. Jirgin ruwa na tashi daga Nansha ƙarshen watan ga, kuma in kayan ba su shiga ba, sun wuce kasuwar kaka. Ba ni kaɗai ke da su ba, Habibu, akwai mutane bayana." Ya dube ni. "Wa ya ce ka yi mishi alkawari da bakina?"

Bai jira in amsa ba. Ya je da kansa ya gaisa da Kang Cecep, ya riƙe hannunsa da hannu biyu, ya yi masa godiya da addu'a. "Malam Cecef," yake ce masa. Sannan ya sauka, ya bar ni in fassara sauran.

Ban san yadda na faɗa ba. Na tuna dai ina kallon takalmansa, duk sun jiƙe da ruwan sama. Ya ce ba komai, ya gane, shi ma da kayansa ne haka zai yi. Ya tambaya ko zai iya ganin wayar. Ya daɗe yana duba ƙ ɗin, sannan ya ce ɗigo ɗaya na saman ya yi kyau da muka mayar da shi dama.

Alhaji ya cika maganarsa, na bar ɗaukar kwali, na koma duba masa kayan lantarki kafin a loda. 'Yan kasuwa suka fara nuna ni, wai ga yaron da ya sa wa Sinawa Hausa a waya. Duk wanda ya faɗa sai in ce ba ni ba ne, su kuma su ɗauka kawaici ne, su ƙara yabo. Na daina bi ta shagon taliya. Ba don na manta da shi ba, sai don ban san da wace fuska zan zauna a gabansa ba.

Shi ne ya neme ni. Ya zo har sito wata ranar Juma'a bayan an sauko, da akwatin tafiyarsa. Bizarsa ta ƙare, zai koma gida. Ya ce ya ga ban zo ba, ya ji tsoron ko ba ni da lafiya.

Na karɓi akwatin na raka shi inda ake hawa motar filin jirgi. Muna tafe ina ta shirya maganar ban haƙuri a raina, ta ƙi haɗuwa. Shi kuwa labari yake ba ni, cewa haruffansu ma sun daɗe ba su da lamba sam, sai da wasu mutane suka yi ta rubutu suna bi kafin a ba su. Ya ce wanda ya jira lamba ba zai kasa jiran zane ba. Zai koma aji, zai tara wasu makarantun, wataƙila in sun yi yawa a saurare su.

Da muka tsaya, na ciro wayar samfurin da Alhaji ya bar mini, na ce ya riƙe ta tsaraba. Ya juya ta a hannu, ya tambaye ni me ake kiran mutumin da ya zo garin da ba nasa ba. Na ce baƙo. Ya sa na nuna masa madannin, ya rubuta da kansa a hankali, harafi harafi, ƙ ta fito.

"Bako," ya karanta.

"Baƙo."

"Bako." Ya yi dariya, ya girgiza kai. "Ka ga, wayar ta iya, ni ban iya ba."

Ya mayar mini da ita cikin tafin hannuna, ya naɗe yatsuna a kanta. Ya ce in riƙe, a wurinsu babu mai karanta ta, a wurinmu akwai.

Motar ta iso. Na sa masa akwatin a ciki, muka yi musabaha, ya ce in gaishe da Alhaji. Ya samu kujera ta jikin taga, ya ɗago mini hannu. Na tsaya a wurin har motar ta sha kwana, ina riƙe da wayar da ba ta iya rubuta sunansa ba.